Yadda ake bambance haɗin kowane tab a ekstenshin na Chrome

Tambaya: Malam, ina rubuta ekstenshin na Chrome, wato ƙaramar manhajar da ake ƙara wa burauzar, wanda yake buɗe hanyar saƙo daga shafukan intanet ta chrome.runtime.connect. Ina adana kowane haɗi da lambar tab ɗinsa, amma wani lokaci amsa takan tafi inda ba a neme ta ba, ko ta ɓace gaba ɗaya. Ina gizo yake saƙa?

Amsa: Malam, lambar da kake samu a port.sender.tab.id tab take nunawa, ba haɗi ba, kuma tab ɗaya yana iya buɗe haɗi da yawa. Idan ka kunna all_frames, wato zaɓin da yake sa kodinka ya yi aiki a duk firam, kowane firam (shafin kansa ko ƙaramin shafin da aka cusa a cikinsa), har da na talla da na bidiyo, zai buɗe nasa haɗin da lambar tab guda, sai na ƙarshe ya danne na farko a ma'ajiyarka. Mafita ta kusa ita ce ka haɗa lambar tab da port.sender.frameId, wadda take 0 ga babban firam.

Sai dai wannan ma bai isa ba, domin idan mai amfani ya sake loda shafin, lambobin biyu na babban firam ba sa canzawa alhali shafin sabo ne. Tun daga Chrome 106 akwai port.sender.documentId, wato lambar shaida ta shafin da aka loda, wanda yake sabuntawa duk lokacin da aka loda shafi, kuma a ganina shi ya fi dacewa da aikinka. Kada ka dogara da port.name, tunda kai ne ka raɗa shi kuma duk shafuka suna iya zuwa da suna ɗaya.

Inda ya fi buƙatar kula shi ne goge tsohon haɗi. Idan onDisconnect ya sanar cewa haɗi ya yanke, ka tabbatar wanda ke ma'ajiyar shi ne ainihin wanda ya yanke kafin ka goge, in ba haka ba za ka iya share sabon da ya maye gurbinsa. Ka kuma tuna cewa saƙon da ya fito daga ƙaramar tagar ekstenshin ba ya ɗauke da sender.tab ko kaɗan.

A Manifest V3, wato zubi na uku na tsarin rubuta ekstenshin, Chrome yakan kashe kodin ekstenshin da ke aiki a bayan fage idan ya yi daƙiƙa 30 ba aiki, ma'ajiyar da ke ƙwaƙwalwarsa kuma ta tafi tare da shi, don haka dole shafin ya sake buɗe haɗi da kansa idan nasa ya yanke.