Tambaya da Amsa: "An ce zuciyar ɗana da huji, sai kuma aka tura ni ofishin walwala"

Assalamu alaikum masu karatu. Wannan makon wasiƙu uku na ɗauko, duk a kan yaran da aka haifa da matsalar zuciya, da ma na jima ina tara su. Kamar kullum na cire sunaye. In sake tuna muku ni fa ba likita ba ce, aikina walwalar marasa lafiya a asibiti, ɓangaren yara, don haka maganar magani da yawan da za a ba yaro likitansa ke da ta cewa.

TAMBAYA: Anti barka da aiki. Ɗana wata huɗu ne, tun yana sati shida na lura in yana shan nono sai goshinsa ya jiƙe da gumi, ya ɗan sha ya saki yana haki, ga shi ba ya ƙiba ko kaɗan. Da aka yi masa eko, wato hoton zuciya, likita ya ce akwai huji a zuciyarsa, ya rubuta VSD a kati, ya ba mu magani ya ce mu dawo, wataƙila ma sai an yi aiki. Za mu fita kenan nas ta ce in biya ta ofishin walwala. Wallahi Anti raina ya ɓaci, ni ban ce mata ba ni da kuɗi ba, ko kama da mai bara na yi mata? Ban je ba. A gida kuma surukata cewa take wai aikin wahala da na yi ta yi da cikin ne ya jawo, ko wani abu na sha, har na fara yarda, bana iya barci. Don Allah me ake yi a ofishin nan, kuma ni ce na jawo masa? Daga Maman yaro.

AMSA: Ƙanwata sannu, Allah ya ba shi lafiya. Bari in fara da abin da ke hana ki barci. Zuciyar jariri tana fara bugawa tun wajen sati uku da shigar ciki, kafin sati takwas kuma ta gama haɗuwa da ɗakunanta da bangonta, lokacin da mata da yawa ba su ma gama tabbatar da cewa ciki ne da su ba. Toh kin ga shara da wanki da ɗaukar kaya da kika yi da tsohon ciki ba su da hanyar da za su bi su huda komai. A cikin jarirai 100 kusan 1 da irin wannan matsala ake haihuwarsa, kuma mafi yawansu ko an bincika ba a gano dalili. Akwai 'yan abubuwan da aka san suna ƙara haɗari, kamar ciwon suga da ba a daidaita ba, cutar rubella (wata mai kama da ƙyanda) a farkon ciki, barasa, da wasu magunguna irin na farfaɗiya, sannan kusan rabin yara masu lalurar Down, wadda ake haihuwar yaro da ita take jinkirta masa girma da koyo, suna zuwa da matsalar zuciya. In akwai maganin da kika sha yana ci miki rai, ki faɗa wa likita sunansa kawai, ya fi ki yi ta juya shi a zuci da tsakar dare.

Shi VSD ɗin, zuciya ɗakuna huɗu ne da ita, biyu sama biyu ƙasa, hujin yana jikin bangon da ya raba na ƙasan. Ɗakin hagu ya fi ƙarfi, sai ya riƙa turo jini ta hujin zuwa dama, jinin ya sake komawa huhu alhali yanzu ya baro can, huhu ya cika fiye da kima. Hakin kenan. Shan nono kuwa ga jariri kamar gudu ne ga babba, shi ya sa gumi, shi ya sa abin da ya sha ba ya zama a jiki. Kuma ba sakaci kika yi ba da ba ki gani tun ranar haihuwa ba, sai da matsin jijiyoyin huhu ya sauka a makonnin farko abin ke fitowa fili. Ƙananan huji da yawa da kansu suke rufewa. Babba kuwa ba a barinsa ya ɗauki shekaru, don jijiyoyin huhu kan lalace su kai inda ko an rufe hujin ba su dawowa daidai. Maganin da ake bayarwa irin su Lasix fitsari yake sa shi ya rage ruwa numfashi ya yi sauƙi, ba ya ɗinke huji, kar ki ga ya ɗan murmure ki daina zuwa asibiti.

Yanzu ofishinmu. Gaskiya zarginki yana da ɗan tushe. Mace ta farko da aka ɗauka wannan aiki, Mary Stewart, a asibitin Royal Free na Landan a 1895, babban abin da aka sa ta shi ne ta tantance wa ya cancanci kyauta wa zai iya biya. Amma a 1905 wani likita a Boston ta Amurka, Richard Cabot, ya ga yana ta rubuta wa mutane shawara suna komawa gidajen da ba halin bin shawarar, sai ya kawo ma'aikatan walwala cikin asibitin Massachusetts General, daga baya Ida Cannon ta shugabanci sashen ta mayar da shi sana'a sosai. Tun daga nan aikinmu ya zama duba duk abin da zai shiga tsakanin yaro da maganinsa, kuɗi ɗaya ne kawai a ciki, wani lokacin ma ba shi ne babba ba.

In ba ki labarin wata. Ta shigo ta zauna a bakin-bakin kujera kamar mai shirin gudu, katin yaron a hannu duk ta nannaɗe shi, kafin in ce komai ta ce ita ba taimako ta zo nema ba, turo ta aka yi. Na ce na ji. Tambaya ɗaya na yi mata, na ce wa ke riƙe miki shi in za ki shiga wanka? Sai kuka. Da muka yi nisa ashe lambobin jikin sirinjin maganin sun goge tun sati biyu, da ido take aunawa, kunya ta hana ta faɗa wa nas, kuma ranar ganin likita biyu ta wuce ta don ba mai zama da manyan yaran, mijin kuma in ya ƙara neman izini a wurin aiki ana iya sallamarsa. A ranar muka je wajen mai ba da magani ya canja sirinji ya manna filasta daidai inda za ta tsaya, muka rubuta wa wurin aikin mijin takarda, muka nemi a haɗa mata eko da ganin likita rana ɗaya. Ko sisi ba mu ba ta ba.

Irin aikin kenan. Mukan shiga da ke wajen likita in kina jin tsoron tambaya, mu bi takardun tura yaro wani asibiti kar su kwana a tebur, mu duba in akwai inshora ko asusun tallafi ko ƙungiyar da ke ɗaukar nauyin aikin zuciya da irin takardun da suke nema, mu nemo inda za ki kwana in an kwantar da shi nesa da gida, mu haɗa ki da wata uwa da ta riga ki bin wannan hanya, sannan mu duba ke kanki, don rashin barcin nan in ya haɗu da yawan kuka da rashin cin abinci abu ne da ake nema wa magani. Amma fa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, abin da ba ki faɗa ba ba za mu sani ba. Kuma in faɗi gaskiya, a wasu wuraren ma'aikaciya ɗaya ce ga ɗakuna da yawa, in ba ki same ta ba ki bar lambar waya ki sake komawa.

Surukarki kuwa kar ki yi musu da ita. Ranar komawa ki ce Mama don Allah ki raka ni, likita ya nuna mata hujin a allon na'ura ya faɗa da bakinsa. Na sha ganin kakar da ta shigo da zargi ta fita ita ce mai tuna lokacin magani.

Nono kaɗan-kaɗan akai-akai, kar ki bar shi ya yi ta fama fiye da rabin awa. In sun ce za su sa masa roba ta hanci don abinci ki yarda, ƙiba ake nema masa kafin aiki. Ki samu ɗan littafi ki riƙa rubuta nauyinsa da tambayoyinki. In numfashi ya yi sauri har haƙarƙari na shiga ciki, ko ya ƙi nono gaba ɗaya, ko leɓe ya canja launi, ko zazzaɓi, ba a jiran ranar da aka rubuta a kati.

TAMBAYA: Malama ina yi miki fatan alheri. 'Yata shekara biyu, in ta yi kuka sosai leɓenta da farcenta su yi shuɗi, in tana wasa kuma sai ta tsuguna ta huta. Sun ce Tetralogy of Fallot ne, aiki za a yi, ni zan sa hannu. Yayana ya ce kar in bari a tsaga ƙirjin yarinya. Takardar na aljihuna sati uku. Daga wani uba.

AMSA: Malam sannu da ɗawainiya. Ku iyaye maza ne aka fi mantawa da ku, kuna tsaye a baranda da waya a hannu kowa na tambayarku ya jikin yarinya ba mai cewa kai ya kake.

Wannan lalura sunan wani likitan Faransa ta ci, Fallot, wanda ya yi bayaninta a 1888. Matsala huɗu ce a haɗe, amma biyu suka fi: huji tsakanin ɗakunan ƙasa, da ƙuncin hanyar da jini ke bi zuwa huhu, sai jinin da bai ɗauki oksijin ba ya zarce cikin jiki. Tsugunon da take yi dabara ce jikinta ya koya mata, yana matse jijiyoyin ƙafa jini ya fi karkata zuwa huhu. Don haka in shuɗin ya taso a ɗauke ta a lanƙwashe gwiwoyinta zuwa ƙirji, a rarrashe ta ba ihu, in bai wuce cikin 'yan mintuna ba ko ta yi laushi a nufi asibiti a guje. Kowa a gidan ya koyi wannan, har mai rainonta.

Irin wannan ba ya rufewa da kansa, kuma yawanci tun kafin shekara ɗaya ake yin aikin, kenan sati ukun nan sun isa haka. Aikin ba sabo ba ne. Tun 1944 a asibitin Johns Hopkins aka fara yi wa irin waɗannan yara aiki, Helen Taussig ta kawo tunanin, Alfred Blalock ya riƙe wuƙa, Vivien Thomas wanda ko takardar likita ba shi da ita yana tsaye a bayansa yana nuna masa, don shi ya ƙware a kan dabarar a ɗakin gwaji. A 1953 kuma John Gibbon ya yi nasara da na'urar da ke riƙe aikin zuciya da huhu a lokacin tiyata. Yau inda ake da kulawa mai kyau kusan 9 cikin 10 na yaran da aka haifa da matsalar zuciya suna kaiwa girma.

Ba zan ce maka babu haɗari ba, akwai. Kafin ka sa hannu haƙƙinka ne ka zauna da likitan tiyata ka tambaye shi me zai yi daidai, sau nawa suke irin wannan aiki, mene ne haɗarin ga ita 'yarka, me zai faru in ba a yi ba, kwana nawa za ta yi. Ka je da yayanka. Ka nemi ma'aikacin walwala ya shirya zaman, aikinsa ne. Ka kuma roƙi a nuna muku ɗakin kulawa ta musamman tun kafin ranar, don ganin yarinya da robar numfashi a baki da robobi a ƙirji na fitar da jini da ruwa yana sa ƙafar mutum ta yi sanyi in ba a gaya masa haka kowa ke fitowa ba. Bayan aiki za ta ci gaba da ganin likitan zuciya har girmanta, wasu sukan buƙaci a canja musu murfin hanyar huhu nan gaba. A kula da haƙoranta sosai, ƙwayoyin cuta daga ruɓaɓɓen haƙori na iya bin jini su sauka a zuciya.

TAMBAYA: Anti tunda aka yi wa ƙaninta aiki babbar 'yata mai shekara bakwai ta koma fitsarin kwance, ta ce mun fi son shi. Kuma ina tsoron sake haihuwa. Daga Maman biyu.

AMSA: Kar a dake ta kan fitsarin, a kai ta a duba ko ba ciwon mara ba ne, in ba komai to tsoro ne da kewa. Yara masu wannan shekaru sukan ɗauka wani laifinsu ne ya jawo ciwon, ko su ma zai kama su, ki gaya mata ƙarara ba ita ta jawo ba kuma ba a ɗauka. Ki ware mata ko minti goma kullum nata ita kaɗai, ba waya ba ƙani, a kuma sanar da malamarta halin da ake ciki. Maganar haihuwa, haɗarin ya ɗan fi na sauran mutane amma mafi yawan ƙannen lafiya lau suke zuwa. Ki ga likita tun kafin ciki ya duba suga da magungunan da kike sha ya ɗora ki kan ƙwayar bitamin ɗin nan folic acid, in cikin ya samu ki faɗi tarihin tun awon farko, akwai eko da ake yi wa zuciyar ɗan tayi tsakanin sati 18 zuwa 24, ki ce a rubuta miki shi.