Ku Tambayi Mai Gyara: Bel ɗin Injin Fotokwafina Ya Saki, In Ƙara Tamke Shi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ne nake kula da wani babban injin fotokwafi a wurin aikinmu, irin wanda bel ne yake ɗaukar hoto a cikinsa maimakon duram. Yau kusan mako uku ke nan yana fitar da takarda da ratsi-ratsi a kwance, nan duhu can haske, wani lokacin ma rubutun sai ya fito kamar an ja shi. Da na buɗe na taɓa bel ɗin sai na ji kamar ya yi sako-sako. Na ga wasu sukurori biyu kusa da rolar ƙarshe. Shin in ƙara tamke su? Kuma da me zan gane ya ɗamu daidai?

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Don Allah ajiye sukudireban nan tukuna, kuma kada ka sake kai yatsa kan fuskar bel ɗin. Maiƙon hannu kaɗai ya isa ya bar tabon da zai riƙa fitowa a takarda duk lokacin da bel ya zagayo.

Bari in fara nuna maka abin da kake shirin ja da ƙarfi. Wannan bel ba ɗan'uwan fambel ɗin mota ba ne. Kaurinsa duka kusan na takardar da kake bugawa ne, amma hawa-hawa aka yi shi: a ƙasa roba ce mai ƙarfi ta foliyesta, a kanta shafen ƙarfe siriri da ke kwashe lantarki, sannan shafen sinadarin da ke jin haske, a can sama kuma wani shafe wanda bai kai kaurin silin gashi ba. Injin yana shimfiɗa wa wannan fuska cajin lantarki na ɗaruruwan bolt, hasken leza ya bi ya kashe cajin a wasu wurare, garin tona ya manne bisa tsarin hoton, a juye shi kan takarda, hita ta narka shi ya zauna. Dabarar ba ta sauya ba tun ranar 22 ga Oktoba 1938 da Chester Carlson ya fitar da kwafin farko a Astoria ta birnin New York, da farantin ƙarfe da aka shafe da farar wuta. Injin Xerox 914 da ya fito a 1959 duram yake amfani da shi, wato gangar ƙarfe mai juyawa da aka shafe da sinadarin jin haske. Bel ya samu shiga ne a manyan injuna masu gudu, irin su DocuTech na 1990 mai buga shafi 135 a minti ɗaya, saboda yana ba da shimfiɗaɗɗen fili mai tsawo da za a jera sassan aiki a kansa.

To a nan ne ɗamewa ta zama magana. Duram abu ne mai tauri, yadda sandarsa ta juya haka zai juya. Shi kuwa bel ba shi da haƙora. Abin da ke tafiyar da shi kawai shi ne kamun da ya yi wa rolar da motar cikin injin ke juyawa. Injin da ke zana layi 600 a inci ɗaya, tsakanin layi da layi kusan milimita 0.04 ne kawai. Ka ga ko yaya bel ya zame a kan rolar, layuka za su cunkushe a wani wuri su ware a wani, kai kuma sai ka ga ratsin duhu da haske. Saboda haka zaton da ka yi ba shirme ba ne. Sai dai sau da yawa bel yana zamewa alhali ɗamewarsa lafiya lau take.

A yawancin injunan da na sa hannu a cikinsu, ba sukuru ne ke ɗame bel ba. Sifirin ne, ɗaya a kowane gefe, suna tura wata rola waje, kuma kamfani ya riga ya auna ƙarfinsu. Sukurorin da ka gani, akwai yiwuwar na saita kwanciyar rolar ne, don ta zauna daidai da 'yan'uwanta. Haska tocila ka duba kawunansu. In ka ga an ɗiga musu fenti ja ko rawaya, ma'anarsa an saita su tun daga kamfani, ba a so a motsa su.

Ina faɗa maka wannan ne da zafi domin na taɓa gani da idona, kuma hannuna ne ya yi. Ina yaron gyara, maigidana ya aike ni duba wani inji mai irin wannan ratsi. Na ƙara wa sukurun gaba zagaye guda, na buga shafi 10 suka fito tas, na rufe na tafi. Washegari aka kira mu. Bel ya yi ta rarrafawa gefe guda cikin dare har bakinsa ya haɗu da ƙarfe. Da muka zaro akwatin da bel ke ciki, gefen bel ɗin ya tattare kamar bakin zanin da ya tsufa, zare-zaren roba sirara sun nannaɗe a jikin boris, wasu sun faɗa cikin tona. Maigidana bai ce mini uffan ba. Tsumma ya ɗauka ya goge rolar da ke jan bel, ya miƙo mini in gani: baƙi ƙirin, cakuɗe da ƙurar takarda. Ciwon ke nan tun farko. Bel ɗin da ya rage masa rayuwa mai tsawo muka jefar a ranar.

Abin da nake so ka fara yi ba ya buƙatar buɗe komai. Buga shafi mai launin toka bai ɗaya daga sama har ƙasa, kamar guda biyar a jere, ka ɗauko rula ka auna tazarar da ke tsakanin ratsi da ratsi. In tazarar ɗaya ce kullum, wani abu mai juyawa ne ke da tabo ko ya karkace. Raba tazarar da 3.14, za ka samu faɗin rolar da ke da laifi. Misali, ratsin da ke dawowa duk milimita 94 yana nuna rola mai faɗin milimita 30. In ratsin yana zuwa ne jifa-jifa, sau ɗaya bayan shafuka da dama kuma a kan ƙa'ida, to a jikin bel ɗin yake: ko wani lanƙwaso, ko kuma injin ya fara ɗora hoto a kan mahaɗar bel saboda sensar da ke gane ta ta yi datti. In kuwa ratsin ba shi da tsari, yau nan gobe can, kuma yana ƙaruwa idan aiki ya yi nauyi, wannan shi ne zamewa. Layin da ya bi tsawon takarda ta yadda take fitowa ba ruwansa da ɗamewa. Wannan sai a nemi robar da ke kankare ragowar tona, ko wayar caji, ko gilashin leza.

In alamu sun nuna zamewa ce, kashe injin, zare filogi daga bango, ka ba hita lokaci ta huce, don zafinta yakan kusa digiri 200. Rage hasken ɗakin, sa safar hannu mai tsabta. Abu na farko da za ka duba shi ne mariƙin da ake sassauta bel da shi. Sau nawa na tarar wanda ya buɗe injin a baya bai mayar da shi ya kulle sosai ba, ya tsaya rabi. In a kulle yake, sassauta shi, zaro bel a hankali ta gefuna, ka ajiye shi a lulluɓe da baƙar takarda ba tare da ka ninke shi ba, don haske mai ƙarfi yana gajiyar da shi cikin mintuna kaɗan.

Yanzu dubi rolar da ke ja. In robarta ta yi sheƙi da santsi, goge ta da tsumma marar gashi da ɗan sinadarin isofurofil, wato wani irin sifirit na goge kayan lantarki, ka bari ta bushe sarai. Sannan danna rolar ɗamewa da hannu biyu, gefe da gefe. Ya kamata ta shiga ta dawo sumul, kuma nauyin da ka ji a dama shi za ka ji a hagu. In gefe guda yana maƙalewa, tona ce ta daskare a hanyarta. Ciro sifirin biyun ka jera su a kan tebur. In ɗaya ya fi ɗaya tsawo, ko ya yi tsatsa, canza su duka biyun tare, da na ainihin samfurin injin. Kada ka miƙe tsohon da filaya, kada kuma ka cusa wani abu a bayansa don ya ƙara ƙarfi. Juya kowace rola da yatsa ka saurara, boris da ya mutu yakan yi ƙara-ƙara. Wani abin da mutane ke mantawa shi ne ƙasa: in an matsar da injin kwanan nan kuma ƙafa ɗaya ba ta zauna ba, jikinsa yakan murɗe kaɗan, bel ya fara gudu gefe.

Sai an gama duk wannan ake maganar sukuru, kuma sai in littafin gyara na samfurin injinka ya ce ana saita shi. A nan ne amsar tambayarka ta biyu take: ba a gane ɗamewar wannan bel da yatsa. Littafin zai ba ka adadin ƙarfi da za a auna da ma'auni, ko tazarar da za a sa, kuma kowane samfuri da nasa. Yi wa kan sukurorin alama da alƙalamin maka kafin ka taɓa, ka juya su daidai wa daida, kwata-kwatan zagaye, ka bar injin ya yi ta juyawa na ɗan lokaci kana kallon bakin bel ko yana matsawa.

In za a yi kuskure, na sako-sako ya fi sauƙi, don takarda kawai yake ɓatawa. Tamkewa fiye da kima tana tsattsaga shafen saman nan a inda bel ke lanƙwasawa kan ƙananan roloci, tana buɗe mahaɗa, tana cinye boris, kuma bel ɗin da ya miƙe ba ya komawa. In naka ya riga ya kai adadin shafukan da aka ɗiba masa, canza shi kawai.

TAMBAYA: Malam, tawa ƙaramar firinta ce mai kala. Launuka sun daina hawa kan juna, ja yana leƙowa ta gefen baƙi. Na ga wani baƙin bel mai sheƙi a ciki. Shi ma sakin ya yi?

AMSA: Malama, naki bel ɗin daban ne, kuma mutane da yawa suna rikita su. A irin firintarki akwai ƙananan duram huɗu, kowanne da launinsa: shuɗi, ja, rawaya da baƙi. Su ne masu jin haske. Bel ɗin karɓa kawai yake yi daga wurinsu ya kai wa takarda. Ba a saita ɗamewarsa, da akwatinsa ake canza shi gaba ɗaya. Ki shiga jerin umarnin firintar ki nemi wurin daidaita launi ki sa ta yi. In bai gyaru ba, akwai ƙananan sensoci da ke kallon bel ɗin, ki goge su da busasshiyar auduga kamar yadda littafinta ya nuna. Ki kuma zaro akwatin bel ki mayar har ki ji ya zauna daram. Sai in gefensa ya yage ko ya tattare ne za ki nemi sabo.

TAMBAYA: Za mu rufe ofis na wata uku. In bar bel ɗin a ɗame ko in sassauta?

AMSA: Sassauta shi, ɗan'uwa, in injinka yana da mariƙin yin haka kuma littafinsa bai hana ba. Bel ɗin da ya daɗe a tsaye a ɗame yakan ɗauki siffar rolar da ya kwanta a kai, daga baya wurin ya riƙa fitowa a matsayin ratsi. Kashe injin ta maɓallinsa ka jira ya tsaya da kansa kafin ka zare filogi, domin ya ajiye bel a inda aka tsara masa. Rufe ƙofofinsa duka saboda haske da ƙura. Sannan ka rubuta a takarda cewa an sassauta bel, ka manna a jikin ƙofar gaba, don wanda zai fara kunna shi ya mayar da mariƙin ya kulle kafin ya danna komai.