Wa Ke Tsaya Mana Idan Namu Ya Kwanta? Amsa Daga Garwa

Ƙanena, tambaya biyu ka haɗa wuri guda, kuma ta biyun ce ta ɗan sosa mini rai. Ka ce idan wani namu ya kwanta ciwo mai tsanani a asibiti a nan Kamaru, wa ke tsaya wa iyalinsa, tunda muna "ƙasar mutane, ba dangi." Sannan ka ce wai ka ji mun koma kai damuwarmu gun likitan ƙwaƙwalwa irin na Turawa, don zumunci ya tsinke mana.

Wace ƙasar mutane? A Garwa aka yanke mini cibi, a nan aka yanke wa babana. Kakana ne ya taso daga ƙasar Kano da fataucin baƙi da turkuɗi, kuma ko da ya iso ya tarar da Hausawa sun riga shi da unguwarsu da sarkinsu a fadar Lamiɗo. Tun bayan da Modibbo Adama ya karɓo tuta a 1809 fatake ke bin hanyar nan har Ngaundere neman hauren giwa da goro. Jamusawa ba su ci Garwa ba sai 1901. Iyakar da kake gani a taswira ita ce ta zo ta same mu. Mu da Yola ruwan Binuwai ɗaya muke sha, kuma tsakaninmu bai kai Kano zuwa Kaduna ba.

Zaman jinya kansa ba sai na ba ka labari ba, irin naku ne: tabarma a baranda, langa da fulas, dangi ne ke wanki da girki da goge mara lafiya, a rubuto takardar magani ka fita ka sayo. Sai dai ka ƙara da zafin Garwa a watan Maris da Afirilu, lokacin da awo ke haura 40, mai jinya na fifita har hannu ya sage.

Inda muka bambanta da ku wuri biyu ne, nisa da harshe. Wanda ciwon daji ya kama har aka ce sai an gasa wurin da na'ura, galibi Duwala za a nufa da shi. Mota ce daga Garwa zuwa Ngaundere, kusan kilomita 280, sannan jirgin ƙasa na dare zuwa Yawunde, sannan a sake kama hanya zuwa bakin teku. Wasu kan gwammace su tsallaka Yola ko Kano, mutanen Marwa da Kusiri kuma Maiduguri ta fi musu kusa lokacin da hanya ke da lafiya. Wanda ya yi kudu, kafin jirgi ya tsaya waya ta riga shi. A Yawunde akwai unguwar Briketeri, a Duwala akwai New Bell, kuma da wuya Bahaushe ya sauka can da mara lafiya ya kwana a tasha. Wani zai ce ga ɗaki, wata ta ce kunun safe nata ne, wani yaro ya ɗauki nauyin kai ku asibiti a babur. Tsohon tsarin fatake ne na maigida da baƙonsa, bai mutu ba, aiki kawai ya sauya.

Harshen kuwa shi ne abin da ban taɓa jin wani daga wajenku ya yi tunaninsa ba. Kai in ka shiga asibitin Malam Aminu Kano, ko likita ya yi Turanci, ma'aikaciyar jinya za ta juya maka da Hausa. Mu a nan arewa Fillanci kan fitar da mutum, amma a Yawunde da Duwala Faransanci ne ya fi yawa. Tsofaffinmu ba su yi lakwal ba, wato makarantar boko. Saboda haka duk gidan da za a tafi jinya sai an haɗa da wanda ya yi karatu, galibi budurwa ko saurayi, ya zama tafinta. Ka san abin da wannan ke nufi? Yaron gida ne ke fara jin mugun labari kafin manya.

Ni aka tafi da ita lokacin ciwon babanmu, Allah ya jiƙansa. Likita ya kira mu ofis, ni da Dada, mahaifiyata, ya yi bayaninsa cikin natsuwa, bai ɓoye komai ba: ciwon ya bazu, abin da ya rage shi ne rage masa raɗaɗi. Dada na kallon bakina tana jiran in juya mata. Na ce, "Ya ce a ci gaba da magani da addu'a." Ta gyaɗa kai. Na daɗe ina ɗauke da wannan magana ni kaɗai, ina dariya da 'yan dubiya, ina amsa waya daga gida ina cewa da sauƙi. Har yau idan mata irina muka haɗu, waɗanda suka yi tafintar ciwon iyayensu, ba sai mun yi dogon bayani ba. Kowace ta san daren da ta kwana tana shawarar wa za ta fara gaya wa, kawu ko babban wa.

Dada Bafulatana ce, kuma na san nan ne za ka ce, "A'a, ashe ruwa biyu ce." Ka ce. Kusan duk gidan Bahaushen da ya kai kaka uku a nan akwai Bafulatana ko Babarbariya ko 'yar Mbum ko Fali a cikinsa. Fulako ya hana Dada kuka a gaban mutane, ya hana ta cin abinci a barandar asibiti, ko sunan mijinta ba ta kamawa balle ta ce tana tsoron rasa shi. Tana ramewa muna gani, ba mai iya tunkararta. Wadda ta iya da ita wata tsohuwa ce Babarbariya da ke jinyar ɗanta a ɗaki na gaba. Ka san wasan Fulani da Barebari. Kullum sai ta leƙo ta ce, "Ke baiwata, yunwa za ki kashe kanki da ita don a ce kina da kunya? Zo ki ci tuwon uwargijiyarki." Dada ta rama, a yi ta yi, har ta saki jiki ta ci. Daga baya na tarar da su cikin dare a bayan ɗaki suna magana ƙasa-ƙasa, Dada na share ido. Abin da ba ta gaya wa 'ya'yanta ba, abokiyar wasa ta gaya wa.

Sai matar yayana. 'Yar Bamun ce daga Fumban, Musulma gaba da baya, amma lokacin auren wasu danginmu na Kano da suka zo biki sun yi ta zumɓura baki wai ya auro ƙabila. Ita ce ta bar shagonta ta biyo mu kudu. Ita ce ta ƙwace tsarin jinyar daga hannunmu, ta ce ba a yi haka a garinsu, mutum ɗaya ya kwana ya wuni a kan mara lafiya har shi ma ya faɗi. Ta raba mana dare da rana, in lokacinka ya cika sai ta kore ka masauki ka yi wanka ka yi barci, ko kana so ko ba ka so. Mu a tarbiyyarmu barin gefen gadon uba ka je ka yi barci kamar rashin imani ne. Ita ta cire mana wannan nauyin, kuma babanmu kafin ya rasu ba sunan da yake kira kamar nata. Waɗanda suka zumɓura bakin kuwa waya suka yi.

Daga mutanen kudu ɗin nan muka ƙaro wani abu a kan adashinmu. Su Bamileke da Bamun taronsu na wata-wata yana da asusun agaji daban da kuɗin zubi, da littafi, da doka. Matan unguwarmu sun ɗauka. In mijin wata ko ɗanta ya kwanta, ba a jira ta roƙa: a fitar mata da abin da aka yanka, a tura ta waya da Orange Money in tana nesa, a rubuta wa ke kai abinci yau, wa ke kwana gobe, wa ke duba yaran da aka bari a gida. Mun ara, ba ma jin kunyar faɗa. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, ko da wane harshe take kuka.

Masu wankin ƙoda kuma nasu zumuncin daban ne. Sau biyu a mako, awa huɗu kowane zama, shekara da shekaru. A da sefa 5,000 ake biya kowane wanki, tun da gwamnati ta ƙaddamar da shirin kiwon lafiya na bai-ɗaya a Afirilun 2023 ya koma sefa 15,000 a shekara. An samu sauƙi ƙwarai, ko da yake gwaje-gwaje da magunguna da kuɗin mota suna nan a wuyan iyali, ga waɗanda suka baro ƙauye suka kama haya a gari don kusa da na'ura. Matan da ke zaman jira a benci, Bahausa da Bafulatana da 'yar Tupuri mai zuwa coci, sun san sirrin juna fiye da yadda 'yan uwansu na jini suka sani. Ba wanda ya haɗa su, ba su da suna, amma in ɗaya ba ta zo ba sai an bi sawu.

To, maganar likitan ƙwaƙwalwa. Yadda kuke cewa Dawanau a yi shiru, haka muke cewa Jamot, asibitin da ke Yawunde, kuma tsoron a ce wane ya taɓu iri ɗaya ne nan da can. Masu sauraron damuwa, waɗanda aikinsu zama da mutum ne su yi magana, ba su da yawa a arewacin ƙasar nan. Mutane sun fi saninsu bayan rikicin Boko Haram, lokacin da aka buɗe sansanin Minawao kusa da Mokolo a 2013 don 'yan gudun hijira daga Najeriya, ƙungiyoyin agaji suka shigo da su. Manyan asibitocin gwamnati kuma suna da ofishin jin daɗin jama'a, sai dai mu mun fi tunawa da shi ranar da kuɗi suka ƙare. Ka ga ke nan ba tururuwa muke yi ba kamar yadda aka ba ka labari.

Amma wasu na zuwa, kuma ni ban ga aibu ba. Ƙanwata bayan rasuwar babanmu barci ya ƙaurace mata, gabanta na faɗuwa, in ta ji ƙarar waya sai jiki ya ɗauki rawa. An yi rubutu, an yi ruƙiyya, kuma malamin da ke mata ne da kansa ya ce a haɗa da asibiti. Matar da ta gani ba ta ba ta ƙwaya ko ɗaya ba. Tambayarta ta yi ta yi: yaushe rabonki da barci, me kike ci, wa kike gaya wa in abin ya taso. A zama na gaba ƙanwata ta faɗi abin da ke cinta, cewa akwai daren da gajiya ta sa ta ji a ranta da ma Allah ya ɗauke shi ya huta, mu ma mu huta, kuma tun daga ranar take ganin kanta a matsayin muguwa. Matar ta ce mata masu doguwar jinya da yawa kan ji haka, gajiya ce da tausayi, ba ƙiyayya ba. Gaya mini, a wane zauren dubiya za ta faɗi wannan magana a bar ta ta kai ƙarshe? Kafin ta rufe baki an ce ta yi istigfari.

Nan ne nake da ƙorafi a kan dubiyarmu, mu da ku duka. Muna cika ɗaki, lada muke nema, madalla. Amma kowa da maganin da ya zo da shi, kowa da labarin wani da irin ciwon ya kashe, mai jinya kuma ita ce mai shimfiɗa tabarma, mai kawo ruwa, mai raka baƙi bakin ƙofa. "Ya mai jiki?" "Da sauƙi." Ko yana gargara, da sauƙi. Sai a ce mata ta yi haƙuri a tafi. Haƙuri gaskiya ne, addini ne, amma sau da yawa muna faɗarsa ne don kada ta fara ba mu labarin da ba mu shirya ji ba. Na ga matan coci a nan in sun zo duba nasu, ɗaya takan ja mai jinya gefe ta zauna da ita ita kaɗai. Wannan ma da za mu ara da na so.

Kana iya cewa Hausarmu ta gauraye, yaranmu na cewa lopital da ordonans maimakon asibiti da takardar magani, suna gaishe ka da Fillanci kafin su tuna. Gaskiya ne, in mun zo Kano 'yan Kwari kan gane mu daga buɗe baki, har su ƙara mana kuɗin atamfa. Amma ranar da aka dawo da babanmu Garwa, layinmu bai ɗauki mutane ba, an yi kwana bakwai tukunya ba ta sauka ba, kuma ba mu muka hura wutar ba.

Waɗanda har yanzu ban ga an samo musu dabara ba maza ne. Yayana ya sayar da babur, ya sayar da fili, yana fita masallaci yana amsa sannu da murmushi, ba wanda ya taɓa tambayarsa yadda yake kwana. Matarsa ce ta gaya mini daga baya cewa hawan jini ya kama shi a lokacin. A taronmu na mata mun kawo shawarar mazan unguwa su ma su kafa nasu asusun, su riƙa karɓar juna kwana a asibiti. Liman ya goyi baya, 'yan kasuwa sun ce kuɗin za su bayar, amma zama a yi maganar damuwa aikin mata ne. Mun bar maganar sai bayan Sallah, za mu sake tayar da ita.