Wace irin karsana zan saya don kafa garke?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da gona mai shinge da rijiyar burtsatse a yankin Giwa ta Jihar Kaduna, kuma ina son in fara kiwo da karsana 20 domin samun madara da maruƙa. Wasu sun ce in sayi shanun Turawa, wasu kuma sun ce in tsaya ga namu na gida. Wanne ya fi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kafin ka zaɓi iri, ka fara lissafin abin da shanun za su ci daga watan Fabrairu zuwa Mayu, lokacin da ciyawa ta ƙare kuma harawa ta yi tsada, domin abincin rani shi ne ke nuna irin saniyar da gonarka za ta iya riƙewa.

A yankinku shawarata ita ce ka kafa garken da Bunaji, wato fararen shanun Fulani. Sun saba da zafi da kaska, suna jure ƙarancin abinci, kuma maruƙansu ba sa rasa masu saye. Madararsu dai ba ta da yawa, don a kiwon gargajiya abin da ake tatsa bai cika wuce lita 1 zuwa 2 a rana ba. Bokolo, wadda aka fi sani a ƙasar Sakkwato, tana da jiki da sanyin hali, kuma ta dace da mai son turka. Azawak ta Nijar tana da madara, sai dai ta fi jin daɗin busasshiyar ƙasa. Rahaji kuwa saniyar doguwar tafiya ce, zaman shinge bai dace da halinta ba.

Ita Firiziyan zalla, wato saniyar Turawa mai yawan madara, ba zan ba mai farawa shawarar sayenta ba. Zafi yana rage mata ci da madara, kirci da cututtukan kaska suna saurin kama ta, kuma ranar da dusa da ƙulin auduga suka yanke, a ranar madarar ke raguwa. Hanya mafi sauƙi ita ce ka shigo da jinin Firiziyan ta wajen bijimi ko ta allurar maniyyi, ka samu 'ya'ya masu rabin jini waɗanda aka haifa a gonarka. Cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI da ke Shika, wadda ba ta da nisa da kai, ta daɗe tana wannan haɗi, kuma ya kamata ka tuntuɓe ta.

Inda za ka saya ya kusan fin irin muhimmanci. Makiyayi ba ya rabuwa da karsana mai kyau sai da dalili, saboda haka cikin waɗanda ake kaiwa kara akwai juya da waɗanda suka sha yin ɓari, kuma dillali ba lallai ya faɗa maka ba. Ka je ruga ko gonar da za ka ga uwar da idonka, ka tambayi haihuwarta nawa da tazarar da ke tsakaninsu. Ka buɗe bakin karsanar: manyan haƙora 2 a gaba suna nuna ta haura shekara 2, wadda kuwa manyan haƙoranta suka cika 8 ba ta taɓa haihuwa ba kuma ba ta da ciki, ka bar ta komai kyanta. Ka duba faɗin ƙugu, da miƙewar ƙafafu, da hantsa mai kan nono 4 daidaitattu. Idan an haife ta tagwaye da namiji, kada ka saya, domin kusan 9 cikin 10 na irinsu ba sa haihuwa.

Kada ka biya kuɗi sai likitan dabbobi ya ɗebi jini ya gwada bakkale, cutar da ke jawo ɓari da kumburin gwiwa, wadda kuma take kama mutane ta ɗanyar madara. Bayan sun iso, ka keɓe su mako 3 zuwa 4, a ba su maganin tsutsa da na kaska, a yi musu rigakafin ciwon huhu.

Game da adadi, da ni ne da 12 zan fara, in haɗa da wasu masu ciki da likita ya tabbatar, tun da cikin saniya wata 9 ne kuma karsanar da ba ta kai girman barbara ba za ta daɗe tana ci ba ta kawo komai ba. Ragowar kuɗin sai ka sayi harawa da kaka, lokacin da take da araha, ka kuma gina rumbun ajiye ta.