Ƙanwata ta yi yaji karo na uku: a sake zaman sulhu ne?

Tambaya: Assalamu alaikum Malama. Ƙanwata shekararta 4 da aure, 'ya'yanta biyu, yanzu haka tana gida, yaji na uku ke nan. Duk zuwan da ta yi, kawunmu da wan mijin su zauna, a yi nasiha, a mayar da ita, ba a wata biyu a koma gidan jiya. Wannan karon da kumburi a ido ta zo, wai ƙofa ta buge. Mijin ya aiko biko, gwaggonmu kuma ta ce farraƙu aka yi musu, a nemi mai magani. Ni ne babba a ɗakinmu, kaina ya kulle.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kada a mayar da ita tukuna, kada kuma a haɗa su zama ɗaya sai an san asalin kumburin nan.

Ƙa'idar farko a aikin sasanci ita ce a ji kowa shi kaɗai. A samu macen da ƙanwarka ta yarda da ita, su keɓe na kamar awa guda, ba kawu ba gwaggo. A tambaye ta kai tsaye: kina tsoronsa? Ya taɓa shaƙe miki wuya? Ya taɓa cewa zai kashe ki, ko ya kulle ki a ɗaki? Shaƙewa musamman babbar alama ce ta haɗarin rasa rai. In amsar ko ɗaya e ce, maganar ta wuce sulhun zaure. A kai ta asibiti a rubuta raunin, a ɗauki hoto da kwanan wata, a je Hisba ko kotu. A mazhabar Malikiyya da kotunan shari'armu ke bi, alƙali na iya raba aure saboda cutarwa in ta tabbata.

Abin da ke cin mutane kullum shi ne ɗaukar "a yi haƙuri" a matsayin sulhu. A tara mutum goma a falo, yarinya na ƙasa kanta a sunkuye, mijin da take tsoro yana gefe, a ce ta faɗi damuwarta. Me za ta faɗa? Da shi za ta kwana in an watse. Sai ta ce ba komai, manya su ce alhamdulillahi, a shafa fatiha, a ce an sasanta. Ba a sasanta komai ba, toshe mata baki aka yi. Shi kuma ya gane cewa duk abin da ya yi, biko da goro sun wanke shi, shi ya sa na gaba yake fin na baya muni. Haƙurin nan kuma kullum a kan mai rauni ake ɗora shi, don shi ne ba zai iya musu ba. Masu jawo aya su duba ta 35 a Suratun Nisa'i: mai hukunci ɗaya daga danginsa, ɗaya daga nata. Mutum biyu masu bincike aka ce, ba taron dangi ba. Zancen farraƙu kuwa, ribar mai magani ce kawai: a karɓe kuɗi, a ba da turare da rubutu, a cire laifi daga kan mai hannu a ɗora wa wani maƙiyi da ba a gani.

In bincike ya nuna babu duka babu tsoro, saɓani ne na cefane, kishi ko shigar dangi, to gajeren tsari ya isa: zama 4 zuwa 6, mako ɗaya ko biyu a tsakani, magana ɗaya a kowane zama. Hanyar da masana ba da shawara kan matsalolin iyali, Steve de Shazer da Insoo Kim Berg, suka tsara a Milwaukee ta Amurka ba ta tono tarihin wa ya fara. Tambaya take: yaushe rabon da ku yi mako lafiya, me kowa ya yi daban a makon? Sannan kowa ya auna zaman auren daga 0 zuwa 10. In ta ce 3, kada a tambaye ta yadda za a kai 10, a ce me zai sa ya zama 4. Amsar takan zo ƙarama, kamar ya riƙa sanar da ita in zai yi dare.

Abin da aka cimma a rubuta. "Zan kyautata mata" ba yarjejeniya ba ce. A sa kuɗin cefane nawa, wace rana, wa za a kira in rai ya ɓaci, kowa ya sa hannu, a sa ranar dawowa bayan mako 2. Kai kuma ba za ka zama mai shiga tsakani ba, yayanta ne kai, mijin ba zai yarda da adalcinka ba ko ka yi. Ka tsaya a wakilinta, a nemo wanda ɓangarorin biyu suka aminta da shi, kuma ita ma a tambaye ta ko ta yarda da shi kafin a sa rana.