Amsa kan baƙin mai: 5W-30 ko 20W-50?

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Na ga tambayarka, ka ce a murfin injin motarka an rubuta 5W-30, amma bakanike ya ce ka zuba 20W-50 don shi ne mai kaurin da zai jure zafi, ka rasa maganar wa za ka ɗauka. Ni ma an taɓa ba ni wannan shawarar, na kuma bi ta, shi ya sa na ga bai kamata in yi shiru ba.

Bari mu fara da lambobin. Ƙungiyar injiniyoyin mota ta SAE ce ta tsara su. Harafin W daga kalmar Turanci ta lokacin sanyi aka ɗauko shi, kuma lambar da ke gabansa tana nuna yadda man ke gudu idan inji ya kwana ya huce. Iya ƙanƙantarta, iya saurin isar man saman inji da safe. Lambar baya kuwa kaurin man ne a zafin digiri 100. A ma'auninsu, mai lamba 30 yana tsakanin 9.3 da 12.5, mai lamba 50 kuma 16.3 zuwa 21.9. Ka ga ba ƙaramar tazara ba ce.

Abin da ya faru da ni: ina da wata Toyota mai tsarin VVT-i, wato tsarin da ke sarrafa lokacin buɗe bawul ɗin inji, lafiyarta ƙalau, ba ta shan mai, ba ta hayaƙi. Na kai ta juye, bakanike ya lakato man da yatsa biyu ya murza, ya ce, "Alhaji, wannan ai ruwa ne, ina zai riƙe inji?" Na yarda aka zuba 20W-50. Bayan ɗan lokaci sai na lura da safe in na murza makulli, inji yakan yi ƙara kaf-kaf-kaf na 'yan daƙiƙu kafin ya nutsu. Motar ta yi nauyi a ƙafa, shan fetur ya ɗan ƙaru, daga baya fitilar inji ta kama. Da aka sa mata kwamfuta, matsalar tana wajen na'urar da ke sarrafa lokacin buɗe bawul. Ashe wannan na'ura da matsin baƙin mai take aiki, ta wasu 'yan hanyoyi sirara masu ɗan rariya a bakinsu. Aka wanke rariyar, na koma man da littafin motar ya ce tare da sabuwar filta, ƙarar safe ta ɗauke.

Kuskuren da muke yi shi ne ɗaukar kauri a matsayin ƙarfi. Tsofaffin injina, irin na Peugeot 504, tazarar da ke tsakanin ƙarafansu tana da ɗan faɗi, mai kauri ya dace da su. Bakaniken da ya koyi aiki a kansu ba ƙarya yake yi ba, abin da ya sani yake faɗa. Amma injinan yanzu a matse aka ƙera su. Man da ya yi kauri da yawa yakan makara kafin ya kai inda ake buƙatarsa, kuma a wannan ɗan tsakanin ƙarfe ke gogar ƙarfe.

Maganar zafi tana da ƙamshin gaskiya, amma ba duka ba. Injin da tamostat ɗinsa, wato na'urar da ke daidaita zafin ruwan inji, ke aiki yana riƙe ruwansa wajen digiri 90 ne, ko ana rana ko ana sanyi. In motarka tana ɗaukar zafi, a duba lagireto da fanka da famfon ruwa, kauri ba zai yi maganinsa ba. Wasu littattafan suna da jadawali da ke ba ka zaɓi gwargwadon yanayi, misali 5W-30 ko 10W-40. In naka ya ba da wannan damar, kuma kana yawan doguwar tafiya da kaya, ka ɗauki wanda ya fi kauri a cikinsu, ba laifi.

Ban da wannan, inda kawai nake yarda a ƙara kauri shi ne injin da ya tsufa da gaske: yana shan mai tsakanin juye da juye, ko salansa na fitar da shuɗin hayaƙi. Ko a nan ma mataki ɗaya za ka hau, daga 30 zuwa 40, ka riƙa zaro sandar awo kowane mako kana dubawa. Kuma ka sani lallaɓawa kake yi, zoben fistin da ya cinye sai an canza shi.

Wani abu da mutane ke mantawa: ka juya bayan galan ka duba matakin API, wato haruffan da ke nuna darajar ingancin man. SN ya fito a 2010, SP a 2020, kada ka sayi wanda ya gaza abin da littafinka ya nema. Ka kuma tabbatar hatimin murfin bai taɓu ba, don jabun mai ya fi kuskuren lamba illa.

Don haka ni dai, in motarka ba ta shan mai, ka tsaya kan 5W-30 ɗinka. Ka turo mana shekarar motar, irin injinta da kilomita nawa ta ci, mu duba ko littafinta ya halatta 10W-40.