Amsa kan halin ƙaramin dinoso idan an dawo da shi

Malam, ka tambaya daga Gombe ko za a iya dawo da Velociraptor, wani ƙaramin dinoso (dabbar zamanin da da ta ƙare) mai farauta, ta hanyar sarrafa ƙwayoyin halitta, da kuma irin halin da zai nuna. Gaskiya ba zai yiwu ba, domin sai da ƙwayar gadonsa (DNA) za a iya, kuma ƙwayar gado mafi daɗewa da aka samu, a tsibirin Girinlan, ba ta wuce shekara miliyan 2 ba, shi kuwa ya rayu fiye da shekara miliyan 70 da suka shige.

Amma ƙasusuwansa da aka tono a hamadar Gobi ta Mongoliya tun 1923 sun bayyana abubuwa da dama. Tsawonsa kusan mita 2 ne, wajen rabinsa wutsiya, nauyinsa wajen kilo 15, kuma yana da gashin tsuntsu. Kowace ƙafarsa tana da lanƙwasasshen farce, wanda masana da yawa ke ganin da shi yake danne abin farauta, kamar yadda shaho ke yi wa ɗan tsako a ƙauyukanmu na Bauchi. A 1971 an tono wani da ya mutu yana cikin faɗa da Protoceratops, wani dinoso mai cin ganye.

Abin da ya fi damuna shi ne tarbiyya: mafarauta da yawa wajen iyaye suke koyon farauta, wannan kuwa zai tashi ba uwa ba uba, saboda haka halinsa ba lallai ya dace da na kakanninsa ba.